Abin da mahaya keke na Kano suka ce game da fita ƙauye

A wani zama da mahaya keke na Kano suka yi, bakinsu ya zo ɗaya kan lokacin fita: a kama hanya da an idar da sallar Asuba, kafin 'yan Adaidaita Sahu su cika titi, a dawo kafin rana ta take. A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40, don haka gorar ruwa biyu da dabino ba abin mantawa ba ne.

Titin Zariya an ce a bar wa tireloli. Na Wudil ma a guje shi ranar Juma'a, ranar kasuwa, saboda motocin shanu. Wajen Madobi ko Minjibir ya fi natsuwa.

Maganar ƙaya aka fi daɗewa a kai, kuma a ganina ta cancanta. Gefen hanyar ƙauye ba ya rabo da ita, mai faci kuwa sai an yi tafiya kafin a same shi. A riƙe tub na ajiya da famfo, a kuma koyi yin faci tun a gida.

Da hunturu hazo kan rufe ido, sai a sa riga mai haske a kunna fitila. In garken shanu ya tare hanya, a sauka a jira makiyayi ya wuce da su.