Haddata ta cije tsakanin Ƙasasi da Namli, ga ni kuma a Makka

Ɗan Gashuwa, Misfala (Makka):

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka yi hadda da girmansu suna kuma fita neman abinci.

Na yi tsangaya a Nguru ina yaro, da riwayar Warshu ta karatun Alƙur'ani muka tashi kamar kowa a wajenmu. Daga ƙasa na ɗauko har na riƙe izu 20 a ka, daga Nasi zuwa Ankabutu, sai mahaifinmu ya rasu na koma gida riƙon ƙannena. Yanzu ina aiki a wani shagon dabino da tsarabar alhazai ta wajen titin Ibrahim Khalil. Wanda ya san wurin ya san aikin: daga la'asar sai ƙarfe biyun dare, in azumi ne ko lokacin Hajji kuwa ba a ma zancen tashi. Kana tsaye kana auna ajwa da sukkari, kana ciniki da ɗan Turkiyya da ɗan Indonesiya da yatsu da kalkuleta, ka koma ɗakin da wani na shigowa wani na fita, fitila ba ta mutuwa.

Bayan neman halali, niyyata ɗaya ce da na zo ƙasar nan, in ƙarasa izu 40 ɗin da suka rage a kusa da Ɗakin Allah. Na shiga halaƙar masallacin unguwa bayan asuba. Malamin mutumin kirki ne, amma da riwayar Hafsu yake karantarwa, ɗaliban kuma yara ne 'yan shekara 10 zuwa 12. In na ce "yuminuna" ya tsayar da ni ya ce "yu'minuna". In na ce "ƙada flaha" ya ce "ƙad aflaha". Kafin in kai ƙarshen shafi gumi ya jiƙa mini riga. Yaran ba sa dariya, suna da tarbiyya, sai dai su sunkuyar da kai su jira in gama, wannan jiran kuwa ya fi mini dariyar ciwo. Daga tsallake kwana ɗaya-ɗaya har ƙafata ta ɗauke.

Na lallaɓa ni kaɗai na haddace Ƙasasi. Da na shiga Namli sai ƙissar Annabi Musa ta cakuɗe mini, in fara a wannan sura in tsinci kaina a waccan. Tsohuwar haddar ma ta fara zubewa, Hawamim, surorin da ke farawa da Hamim, da nake zubo su ido rufe yanzu sai da leƙe. Warshun bai tsaya ba, Hafsun bai shiga ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna. Duk Juma'a in mun yi waya sai ta ce, "To malamin Makka, yaushe za mu dafa shinkafar sauka?" Ni kuma in ce mata ana nan ana yi. Ina jin kiran sallar Harami daga kan katifata, amma sai in yi mako ban buɗe Alƙur'ani don ƙari ba.

Shin in rushe komai in faro daga Nasi da Hafsu? Kuma ku da kuka taɓa tsayawa irin haka, da me kuka tayar da zuciyarku? Wallahi ba na son in mutu da wannan niyya a wuyana.

Abu Safwan, Madina:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka maka da alheri a kan riƙon ƙannenka, wannan ma ba ƙaramin aiki ba ne.

Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci a nan Madina, kuma da Warshu na sauke a gida kafin in zo. Kada ka rushe komai. Warshu ba karatun ƙauye ba ne da za a zo Saudiyya a gyara shi. Imamu Nafi'u shi ne makarancin Madina a zamaninsa, ya rasu a shekara ta 169 bayan Hijira, Warshu kuma daga Masar ya taso ya zo garin nan ya karanta a gabansa. Har yau da ita ake salla a Maroko da Aljeriya da Muritaniya, kuma maɗaba'ar Sarki Fahad da aka buɗe a nan a 1984 tana buga mushafin Warshu kamar yadda take buga na Hafsu. Malaminka bai yi laifi ba, abin da ya karɓo shi yake bayarwa. Wurin zaman ne bai dace da kai ba. Makka cike take da mutanen Shanƙiɗi, wato Muritaniya, da 'yan Mali da Nijar, ka tambaya a cikin Harami bayan magariba wa ke sauraron Warshu.

Na biyu, ka koma kan Alƙur'ani guda. Ido ma yana hadda. Kai da ka saba da rubutun gida, fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙafun da ɗigo ɗaya a sama, ka koma mushafin Hafsu mai shafi 604 da layi 15, ai dole wuraren ayoyi su ɓace maka. In gafakarka tana gida, a aiko maka da ita ta hannun masu zuwa Umara.

Cakuɗewar Ƙasasi da Namli kuwa, ban san mahaddacin da bai sha ta ba, kuma Ɗaha na nan gaba tana jiranka da irin tata. Ka raba takarda biyu da layi, ka rubuta su gefe da gefe. A Ƙasasi "la'alliya atikum minha bi khabarin au jizwatin minan nari", a Namli "sa atikum minha bi khabarin au atikum bi shihabi ƙabasin". A Ƙasasi "wa an alƙi asaka", a Namli babu "an". A Ƙasasi "usluk yadaka", a Namli "wa adkhil yadaka". Ka lura ma ko a nan riwayoyin sun rabu: Hafsu "jazwatin" yake cewa da fataha, kuma yana yi wa "shihabin" tanwini. Kunnenka na jin ɗaya a Harami, harshenka na riƙe da ɗaya, shi ya sa abin ya yi maka yawa.

Shawarata ta ƙarshe, ka dakatar da ƙari gaba ɗaya na wata uku, ka yi ta tishen izu 20 ɗinka, izu guda kullum, har su zauna.

Maman Zainaba, Jidda:

Ɗana, sannu. Na karanta maganarka har idona ya kawo ruwa, don na san wannan kunyar.

Ni sai da na wuce hamsin na fara hadda, bayan na aurar da 'yar autata. Muna da zaman mata a Karantina, gidan wata baiwar Allah, kullum bayan la'asar. Da aka rushe unguwannin nan a 2022 kowa ta kama gabanta, wata Bahra, wata Makka, wata ta koma Kano. Na zauna watanni ban ƙara ko aya ba, ga sabon gida, ga maƙwabtan da ban sani ba. Abin da ya tashe ni, ɗaya daga cikinmu ce ta kira ni ta ce, "Yaya, ni fa ba zan iya ni kaɗai ba, ki riƙa ji mini." Tun daga ranar, ƙarfe tara na safe take turo mini karatunta ta WhatsApp, ni ma in tura mata nawa. Ranar da kasala ta kama ni sai in tuna tana can tana duba waya, dole in tashi. Ka nemi mutum ɗaya tak wanda zai ji shirunka in ka yi shiru. Ba sai malami ba.

Sannan mutumin da ya kwanta ƙarfe uku na dare, me zai shiga kansa bayan asuba? Ba zuciyarka ce ta mutu ba, barci kake bin jikinka bashi. Ka yi asuba ka koma ka kwanta. In ka yi azahar a Harami kada ka fito, ka nemi lungu ta ɓangaren Ƙofar Sarki Fahad inda akwai sanyi, ka zauna da karatunka kafin lokacin shago.

Maganar Innarka kuma, ka gaya mata gaskiya. "Ana nan ana yi" ɗin nan ita ke danne ka duk Juma'a. Ka ce mata, Inna na cije a Namli, ki sa ni a addu'a. Mu uwaye ba walima muke so ba kamar yadda muke son a ce mana ga inda ke ciwo. Kuma ka tuna hadisin Nana A'isha, cewa mai karanta Alƙur'ani yana in'ina, yana shan wuya a kansa, lada biyu gare shi. Ni da wannan nake lallashin kaina duk ranar da aya ɗaya ta ƙi zama.

Ɗan Mai Wurno, Riyad:

Salamu alaikum. Ni Bahaushen Sudan ne, daga Mai Wurno kusa da Sinnar, ina tuƙin mota a nan Riyad. Na yarda da ɗan'uwa na Madina a kan riwaya. Mu ma a halwowinmu, wato tsangayun Sudan, da riwayar Duri aka fi karantarwa, kuma duk wanda ya zo nan ya gamu da irin abin da ka gamu da shi.

Inda na saba da shi shi ne tsayar da ƙari wata uku. Ga ɗalibin da karatu ne aikinsa, daidai ne. Amma mai aikin ƙarfi in bai ga yana matsawa gaba ba, zuciyarsa sanyi take yi, wata ukun su zama shekara. Ka yi tishen, amma ka bar ƙofar ƙari a buɗe, ko layi uku ne. Kuma ka rubuta su da hannunka. Kai ɗan allo ne, hannunka ya riga idonka sanin hanya. Littafin 'yan makaranta na riyal biyu ya ishe ka. Ni a cikin mota nake rubuta nawa ina jiran yaran maigida su taso.

Ka yi lissafi ma ka gani. Izu 40 sumuni 320 ne. Sumuni biyu a mako, shekara uku da 'yan makonni. Sumuni ɗaya, shekara shida da ɗoriya. A azumi da Hajji kada ka ɗora wa kanka ƙari, tilawa kawai, in alhazai sun watse kasuwa ta lafa sai ka ƙara ƙaimi.

Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Su da waɗanda suka biyo bayansu a ƙafa, sai mutum ya tsaya ya yi noma damina biyu, ko ya yi tsinkar auduga a Jazira ya tara guzuri, sannan ya nufi Sawakin ya haye zuwa Jidda. Kakata ta haifi 'ya'ya uku a hanya, kuma ko a wane zango aka tambaye ta, cewa take Makka za ta.

Ɗan Gashuwa, Misfala (Makka):

Allah ya saka muku da Aljanna baki ɗaya. Hajiya, na yi yadda kika ce. Inna ta yi shiru, sannan ta ce ashe shi ya sa muryata ke canzawa in ta tambaya, ta kuma ce ƙanena zai ba wani mai zuwa Umara gafakar. Na samu wani bawan Allah ɗan Damagaram da ke aikin otal a Ajyad, shi ma Warshu ne, ya cije a Yusufa. Mun yi alkawarin haɗuwa bayan azahar. Zan bi tishen izu guda da layi uku ɗin tare.

Malam Abu Safwan, saura tambaya ɗaya: salloli na bayyane duk a bayan limaman Harami nake yi, da Hafsu. Wannan ba zai ci gaba da rikita ni ba?

Abu Safwan, Madina:

Zai ɗan taɓa ka da farko, daga baya kunnenka zai riƙa rarrabewa da kansa, har ka ji kana cewa a ranka nan mu da kasra muke yi. Ka sauke karatun Shaihu Husari na Warshu a wayarka, sumunin da kake kai kaɗai za ka riƙa maimaitawa a hanyar shago. Nafilolinka kuma ka yi su da abin da ka tisa a ranar. In kun zauna da ɗan Damagaram, ku fara da Hawamim kafin Namli, kuma shi ya riƙe mushafin, kai ka rufe naka.