Kansilan unguwa zai iya sa baki a maganar kula da surukina a Ingila?

Maman Hanif

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman waɗanda suka daɗe a Ingila. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya cika mini ciki.

Surukina shekararsa 78. Tun 1974 ya zo ƙasar nan karatu, ya zauna, ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma ɗan ƙasa ne a takarda. A watan Fabrairu ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannu da ƙafar dama. Da aka sallamo shi daga asibiti muka mayar da makullin gidan hayarsa muka dawo da shi wajenmu, don Mama ta rasu shekara huɗu ke nan. An turo masu zuwa gida safe da yamma na sati shida, kyauta. Da wa'adin ya cika aka ce soshal woka, wato ma'aikacin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, zai zo ya duba buƙatunsa kafin a san abin da za a ci gaba da yi. Yau sati tara ke nan. Duk kiran da na yi amsa ɗaya ce, wai muna kan layi.

Bayinmu a sama yake, mataki goma sha uku, Baba kuwa a falo yake kwana. Maigida yana tuƙin motar kai kaya, ƙarfe shida ya fita, don haka ana idar da sallar asuba yake ciccibar mahaifinsa ya hau da shi ya yi masa wanka. Daga nan sai magariba. Ni da ko sunan Baba ban taɓa faɗa ba, ya za a yi in kama shi zuwa bayi? Shi ma ba zai yarda ba. Makon jiya na gano ya daina shan ruwa da rana, wai don kada fitsari ya matse shi kafin ɗansa ya dawo. Ranar na shiga kicin na yi kuka mai isata.

An jefo mana takarda ta ƙofa mai hotunan kansilolin unguwarmu su uku, wai suna zama da jama'a ranar Asabar a laburare. Sajari suke kiran zaman, da farko na ɗauka tiyata ake yi. Maigida ya ce ɓata lokaci ne, wai a gida idan ka kai kuka wajen kansila ko dubu biyar ya ba ka ta magani, na nan ko shayi ba za ka sha ba. Ni kuma tsorona kada ma'aikatan su ga kamar ƙararsu na kai su danne fayil ɗinmu. Shin kansila yana da ta cewa a irin wannan? In je ko in haƙura?

Ɗan Gwandu

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce.

Maman Hanif ki je, amma ki san abin da za ki roƙa. Shekara bakwai na yi ina rubuta bayanan zaman kwamitoci a wani kansul, wato ƙaramar hukuma, na ga yadda abin yake tafiya daga ciki.

Mutanen kansul iri biyu ne, zaɓaɓɓu da ma'aikata. Kansila ba shi da ikon cewa a ba Baba awa kaza a sati, ko a tsallake da shi gaban wani. Wannan hukuncin ma'aikata ne, bisa Dokar Kulawa ta 2014 wadda ta fara aiki a Afrilun 2015. Dokar ta wajabta wa kansul ya duba buƙatun duk babban mutum da ake ganin yana buƙatar kulawa, ko mai kuɗi ne ko talaka, kuma dubawar kyauta ce. Inda gizo ke saƙa, ba ta yanka adadin kwanakin da za a yi dubawar a ciki ba. Shi ya sa kike jin "kuna kan layi".

Abin da kansila zai iya shi ne ya rubuta tambaya a madadinki. Tambayar kansila ba ta bin layin wayar da kike kira, tana da hanyarta, tana sauka teburin manaja, kuma dole a amsa masa a rubuce. Na sha ganin fayil ɗin da ya kwanta ya farka saboda haka kawai. Batun a danne ku kuwa, ki cire shi a ranki. Irin waɗannan tambayoyin kullum shigowa suke yi, ba baƙon abu ba ne a wajensu.

Ki tafi da takarda ɗaya: ranar sallama, ranar da masu zuwa suka daina, ranakun da kika kira, da lambar fayil idan an ba ku. Ki sa Baba ya sa hannu cewa ya yarda a yi magana a kansa, in ba haka ba za su ce wa kansilan bayanan sirri ne. Sannan ki faɗi maganar ruwan nan da ɗaukarsa a matakala kamar yadda kika faɗa mana. Dokar ta ba kansul damar biyan buƙatar gaggawa tun kafin a gama dubawa, kuma mutumin da ya daina shan ruwa ai ya wuce a ce masa ya jira.

Kada ki riƙa masa komai, ko cincin. Kyauta tana jawo musu matsala, a wurare da yawa idan ta kai fam 50 sai sun shigar da ita rajista.

Ga masu karantawa da ke yankunan da ke da kansul hawa biyu, ku lura: kula da manya aikin kansul ɗin kawunti ne, na gunduma shara da gidaje yake yi. A birane irin su Manchester da Leeds da unguwannin Landan kansul ɗaya ne yake haɗa duka.

Anti Ladi

Sannu ƙanwata, Allah ya ba ku ladan jinya. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin kula da tsofaffi gida-gida. Malam Ɗan Gwandu ya faɗi gaskiya, sai dai kansiloli suna suka tara. Wani zai bi maganarki har sai ya ga bayanta, wani sai lokacin zaɓe kike ganin ƙeyarsa. Tunda uku ne gare ku, idan na farko ya yi shiru ki tura wa na biyu imel.

Ni dai ranar dubawar ce ta fi damuna, don nan mutanenmu suke yin sake. Ki dage a rubuta a cikin tsarin kulawar cewa namiji ne zai yi masa wanka, da maganar alwala da abincin halal. Abin da ba a rubuta ba, kamfanin da aka ba kwangilar ba ruwansa, wanda ke kan jadawali za su turo, kuma mafi yawanmu a aikin nan mata ne. Idan suka ce ba su da maza, ki tambayi tsarin da kansul ke ba ku kuɗin a hannu ku ɗauki mutum da kanku. Na san gidajen da a masallaci suka samo wanda ya dace. Amma a ƙa'ida ba a biyan ɗan uwan da ke zaune gida ɗaya da mara lafiya, sai in kansul ya ga ba makawa.

Ki shirya kuma, wannan ba kamar NHS ba ce, hukumar lafiya ta ƙasa, da ganin likita kyauta. Za su duba aljihun Baba. Idan ajiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya duka. Ƙasa da fam 14,250 ba a taɓa ajiyar, amma za a duba fanshonsa a yanka masa abin da zai riƙa bayarwa. Nasa kawai ake dubawa, ba naku ba. A Scotland ne kulawar jiki take kyauta, kada wani ya rikita ki da labarin can.

Kujerar bahaya da ƙarfen dafawa, da duk ƙaramin gyaran da bai wuce fam 1,000 ba, kyauta ake yi. Ki nemi kujerar tun yau ta waya, kada ki jira Asabar. Babban gyara kamar kujerar hawa bene akwai tallafinsa har fam 30,000, amma shi kam sai an yi haƙuri. Akwai kuma Attendance Allowance, kuɗin tallafi ga tsofaffi masu buƙatar kulawa, daga gwamnatin tsakiya yake zuwa, ba a duba dukiya. Ke da maigidanki ma kuna da haƙƙin a duba ku a matsayin masu jinya, ku ce kuna so.

Baffa Kurna

Allah ya ba shi lafiya. Amma gaskiya abin da mamaki, mutum da ɗansa da surukarsa a ce sai hukuma ta turo bare ya yi masa wanka. Ku dawo da shi gida mana, ga dangi nan birjik.

Maman Hanif

Amin Baffa, na gode. Ɗansa ne yake masa wanka kullum kafin gari ya waye, har bayansa ya fara ciwo. Idan ya ajiye aiki, da me za mu biya haya? Baba kuwa ya haura shekara hamsin a nan, sa'o'insa na gida yawanci sun riga mu gidan gaskiya, likitocinsa da maganinsa duk a nan suke. Mun yi masa tayin komawa, ya ce inda aka binne matarsa nan zai zauna. Kuma harajin kansul ɗin nan shekara da shekaru yana biyansa, ba bara muka fita ba.

Ummi Zazzau

Sannu Anti, Allah ya ƙara sauƙi. Ina karatun lafiyar al'umma a nan, bari in ƙara wani abu. Tun Afrilun 2013 aka ɗauke wannan ɓangaren daga NHS aka mayar wa kansul, bisa dokar 2012. Kowane kansul mai wannan nauyin yana da daraktan lafiyar al'umma, da wani zaure da kansiloli ke zama da shugabannin NHS na yankin. Shirin daina shan taba, maganin shaye-shaye, da gwajin lafiya kyauta na 'yan shekara 40 zuwa 74 duk shekara biyar, kansul ne ke ɗaukar nauyinsu. A gwajin ana auna hawan jini, wanda shi ne kan gaba wajen jawo irin ciwon Baba, kuma ya fi yawa a cikinmu baƙar fata. Idan maigidanki ya kai 40 ki tura shi. Kuma tunda za ki ga kansila, ki tambaye shi ko za a iya kawo awon masallacinku ranar Juma'a, don mazanmu ba sa zuwa wajen likita sai sun faɗi.

Ɗan Gwandu

Ummi ta taɓo inda ƙarfin kansila yake na gaske. Layin da Maman Hanif take kai, a zauren kansul aka haife shi. Duk shekara wajen Fabrairu kansiloli suke kaɗa ƙuri'a kan kasafi, kuma kula da manya na cikin abin da ya fi cin kuɗi. Ki duba takardar harajinku, tun 2016 aka ba su damar ɗora wani ƙari musamman don wannan aikin, duk da haka ba ya isa. Birmingham ma da girmanta a Satumban 2023 ta shelanta cewa kasafinta ya gagare ta. Gwamnatin tsakiya kuma ta yi alkawarin ƙayyade abin da mutum zai kashe kan kulawa a rayuwarsa a fam 86,000, aka soke a Yulin 2024.

A cikin kansilolin akwai ɗaya da ke riƙe da kujerar kula da manya, kamar kwamishina a jiha, da kwamitin bin diddigi mai iya kiran darakta ya zo ya yi bayanin dalilin jira. Zaman a buɗe yake ga kowa. Shekara bakwai ina wurin, kujerun jama'a kusan kullum wayam, Bahaushe kuwa ban taɓa gani ba ko ɗaya. Alhali 'yan Najeriya da Ghana da Kamaru masu izinin zama suna da ƙuri'a a zaɓen kansila saboda ƙungiyar Commonwealth. 'Yan uwanmu na Nijar ne ba su da ita sai sun zama 'yan ƙasa.

Idan an yi duk wannan shiru, ki shigar da koke a rubuce ta hanyar kansul ɗin. In ba ki gamsu ba sai Ombudsman, ofishin sauraron koke kan ƙananan hukumomi da kulawa, kyauta ne, amma kada ki bari shekara ta wuce.

Maman Hanif

'Yan uwa na dawo da labari. Na je ranar Asabar. Kansilar da na samu wata dattijuwar Baturiya ce, a ɗan tebur kusa da littattafan yara, da fulas ɗin shayinta, mutum biyu ne a gabana, ɗaya ma maganar ramin titi ya kawo. Ta karanta takardata har ƙarshe. Da ta zo wajen maganar ruwa sai ta cire tabarau ta ce in sake faɗa mata. Ta gaya mini ƙarara ba za ta yi mini alkawarin komai ba, amma ranar Litinin za ta rubuta, kuma ta rubuta, don ta sa ni a kwafin imel ɗin. Maganar masallaci ma na yi, Ummi, ta ce limaminmu ya rubuto.

Kwana takwas bayan nan aka kira. An kawo kujerar bahaya, kuma soshal woka zai zo ranar Alhamis. Maigida ya ce layi ne kawai ya zo kanmu. Na bar shi da bakinsa.

Yanzu sabuwar damuwa. Baba duk baƙon da ya tambaye shi jiki, amsarsa ɗaya ce: "Alhamdulillahi, da sauƙi sosai." Ko a asibiti haka ya riƙa yi. Ina tsoron ranar Alhamis ya sa babbar riga ya zauna ya ce komai yana iyawa. Anti Ladi, ya ake yi da wannan?

Anti Ladi

Haka dukkansu suke, har Turawan. Daga yau zuwa Alhamis ki samu littafi ki riƙa rubuta komai da lokacinsa: ƙarfe nawa aka ɗaga shi, wa ya yanka masa nama, sau nawa ya tashi da dare. Maigidanki ya ɗauki hutun ranar, shi zai zauna kusa da shi, don a gabanki Baba ba zai taɓa maganar bayi ba. Ke ki kawo shayi ki fita, ki tare mutumin a ƙofa idan zai tafi ki miƙa masa littafin.