Abin da aka tattauna kan giyabos na hannu a tsofaffin motocin ƙarfi na Amurka

To jama'a magana ta yi tsawo kan ko a bar wa tsohuwar mota giyabos ɗinta na asali ko a canja shi, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda in motar ado ce kuma kana son darajarta ta zauna, bar mata giya huɗunta na asali. Motocin Chevelle da Camaro giyabos ɗinsu Muncie ne, samfurin M20 ko M21 ko M22 mai yawan ƙara, na Mustang kuma Toploader, na Charger A833.

2. Matsalar giya huɗu ita ce babban titi, in lissafin giyan aksil ɗin baya 3.73 ne ko 4.11 (wato yawan juyin farfela, sandar da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa aksil, kafin taya ta juya sau ɗaya) injin zai yi ta ihu yana shan mai kamar ba gobe. Nan aka rabu, mafi yawa sun ce sabon giyabos Tremec TKX mai giya biyar ya isa don siriri ne kuma a motoci da yawa yana shiga ba sai an yanka ƙasan mota ba, wasu kuma sun kafe sai T56 Magnum mai shida tunda ya fi ɗaukar ƙarfi, amma fa shi sai an fasa ramin ƙasan mota inda giyabos ke zama an yi walda. Ni dai ba zan sa wa motar 1969 abin yanka ba.

3. Kuɗin ba a giyabos kaɗai yake ba, akwai kulochi, ƙarfen da ke riƙe giyan, sau da yawa har a rage tsawon farfela.

4. Bakanikai sun nanata a auna saitin gidan kulochi kafin a ɗaure, in ya kauce giya zai riƙa ƙin shiga.

5. Kulochi mai aiki da mai ko mai aiki da sanda, ba a cimma matsaya kan wanda ya fi ba.