Asaimen ɗin Sonny's Blues, a taimaka mani

'Yar Daura: Salamu alaikum 'yan zaure. Don Allah waɗanda suka riga mu yin kwas ɗin gajerun labarai ku agaza, an ba mu asaimen kan Sonny's Blues na James Baldwin, shafi biyar, ran Litinin za a karɓa. Na karanta sau ɗaya kaina ya ɗaure, abin da na gane dai wa da ƙane ne, ƙanen na shan ƙwaya kuma yana kaɗa fiyano. Ta ina zan kamo bakin zaren?

Na Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da ya ɗaure maki kai shi ne labarin ba a jere yake ba. Samu falle ɗaya ki jera abubuwan yadda suka faru. Ya fara da wan yana karanta jarida a jirgin ƙasa ya ga an kama Sonny da heroyin, amma maganar uwarsu da shigar Sonny sojan ruwa duk sun riga wannan, daga baya ya komo yana ba mu.

Monita: Ni shawarata ki bar batun ƙwayar nan, rabin ajinmu shi suka rubuta, kowa ya koma mai wa'azi, makin kau ba a magana. Ki sa ido kan wan. Malamin lissafi ne a Harlem, unguwar baƙar fata a birnin New York, ya girmi Sonny da shekara 7, kuma har labarin ya ƙare ba a faɗi sunanshi ba. Ki lura bai rubuta ma ƙanen wasiƙa a gidan yari ba sai da ɗiyarshi Grace ta rasu da shan inna, wato sai da tashi ta same shi sannan ya ji ta ɗan uwanshi. Wannan kaɗai ya ishe ki shafi biyu.

'Yar Daura: Kai, wallahi ban haɗa su ba!

Anti Malama: Ki sa data ki saurari Louis Armstrong minti biyar, sannan Charlie Parker. Akwai wurin da Sonny ya ce ma wan so yake ya zama makaɗin jaz, wan ya ce irin Armstrong? yaro ya ji haushi ya kawo sunan Parker, shi kau wan bai ma taɓa jin sunan ba. In ba ki ji bambancin da kunnenki ba wurin zai wuce ki. Ni wannan wurin ya taɓa ni don autanmu lokacin da ya fara zuwa situdiyo yaya babba ƙwace mashi waya ya yi, ya kulle a durowa sati biyu, kuma har yau bai zauna ya ji ko baiti ɗaya da yaron ya rera ba, sai dai ya ce abin kunya za ka ja mana.

Bamusawe: Ke da kike Daura ai misali na ƙofar gidanku. Shata mahaifinshi bai so ya yi waƙa ba, ga shi da ya rasu a 1999 nan Daura aka rufe shi, har gobe ana jin shi. Ki kwatanta.

Na Ƙofar Ƙaura: A'a malam, a bi a hankali. Mu nan tsoron a ce ma ɗanka maroƙi ne. Su can 1957 aka buga labarin, baƙar fata ne a Amurka, kuma ɗan uwan ubansu mai jita wasu farar fata da suka bugu suka take shi da mota a gaban idon uban. Wannan uwar ta ba wan labari kafin ta damƙa mashi amanar Sonny. Shata layi biyu ya isa, kar ya cinye asaimen ɗin.

Bamusawe: Na yarda, amma layi biyun dai a sa su.

Monita: Ƙarshen kuma ki karanta da ƙarfi a ɗaki, wurin kulob ɗin nan da wan ya zauna ya saurara karon farko, ya aika da kofin giya da madara Sonny ya aza bisa fiyano. Kofin daga littafin Ishaya na Baibul sura 51 Baldwin ya ɗauko shi, ki duba kafin ki rubuta. Kuma kar ki kwafo daga intanet, malamai sun haddace waɗannan.

'Yar Daura: Allah ya saka. Anti wace waƙar Parker zan fara da ita? datata saura kaɗan.

Anti Malama: Kowace ta fito maki, gajeru ne. Ki ara iyafis dai, kar Hajiya ta ji ta ɗauka rediyo ce ta lalace.