Mota tana taka birki ita kaɗai a hanyar Tawa: in cire radar ɗin ko in sayi sabo?

Alhaji Mamman: Salamu alaikum. RAV4 uku na 2019 ke kai ma'aikata daga Yamai zuwa Tawa a jere. Ɗaya tana ƙara sannan ta dafa birki ita kaɗai, galibi in wata mota ta taho gaba da gaba. An ce radar ɗinsu ke shiga wa juna. Jibi za su tashi. In sa a cire fis, in sayi sabo, ko akwai mai canja mata zango, wato zangon da radar ɗin ke aika sigina a kai?

Sani Katako: Sayi sabo, Alhaji. Jika 150 har da ɗaurawa.

Injiniya Hadiza: Wa alaikumus salam, Baba Alhaji. Ba mai canja mata zango. Radar ɗin gaba yana tsakanin 76 da 77 GHz, na kusa kuma har 81, tun da taron ITU, hukumar sadarwa ta duniya, na 2015 a Janiba ya cike giɓin 77.5 zuwa 78. A Nijar hukumar sadarwa ARCEP ke kula da zanguna, amma ba a yanka wa kowace mota rabonta, duka rijiya ɗaya suke sha. Siginar motar da ke tahowa tafiya ɗaya take yi, amsa-kuwwar taka kuwa sai ta je ta dawo, shi ya sa tasu ke danne taka. Abin da hakan ya fi haifarwa shi ne radar ya kasa ganin ƙaramin abu daga nesa, kamar babur ko mai tafiya a ƙasa. Ganin motar da babu ita yana faruwa, amma da wuya, sai siginonin biyu sun yi kusan daidai a lokaci da saurin sauya zango. Masu ƙerawa suna sassaɓa lokacin aikawa, suna tsallake zango, wasu su karkata eriya digiri 45 don ta mai tahowa ta gicciye taka. Shawarar raba lokaci ta hanyar sadarwar mota da mota a 5.9 GHz, ko masu yin gabas su ɗauki ƙasan zango masu yin yamma su ɗauki sama, har yanzu ba ta zama doka a kan kowa ba. Motocinka uku kuma waje ɗaya suke kallo, ba sa haska fuskar juna.

Garba Bakanike: Ku bar zancen zango. Irin motar nan aka buge wa gaba, mai gyaran jiki ya cika parshok da mastik, ya miƙe ƙarfen da ke riƙe radar da guduma, ya manna tambarin Toyota na jabu mai ruwan ƙarfe a gaban radar ɗin. Mai ita ya sayi radar har biyu. Wajen Dogon Dutsi ta dafa birki, tirela ta murƙushe bayanta, yaron da ke kujerar baya har yau da sanda yake tafiya. Tambarin asali sumul yake, an yi shi don sigina ta ratsa. Karkatar digiri 1 a nisan mita 100 kusan mita 1.75 ne, wato radar yana kallon hannun masu tahowa. Wallahi masu wannan aiki ba su tsoron Allah.

Ila: Allah ya ba shi lafiya. Amma jika 150? Na asali bai kasa 400 ba.

Sani Katako: Na cirowa ne, har na 90 akwai.

Garba Bakanike: Ko na miliyan ne, in ba reglaj, wato saita radar ɗin, aikin banza ne. Fili shimfiɗaɗɗe ba ƙarfe a gaba, iskar taya daidai, a kafa ƙarfen nan mai kusurwa uku a nisan da littafin motar ya faɗa, a haɗa Techstream, manhajar Toyota ta duba mota.

Ila: Malam Garba, injiniya ta ce katsalandan na faruwa, kai ka ce babu.

Garba Bakanike: Ƙanena, wanda bai taɓa kwance parshok ba ya saurara.

Injiniya Hadiza: Ba saɓani, Malam. Mota ɗaya cikin uku ke yi, don haka a fara da naka. A karanta lambobin kuskure, a duba tambari, a goge gilashi gaban kyamarar da ke aiki tare da radar, domin ƙurar hunturu ta fi damun ta a kan radar. Kada a cire fis. A allon sitiyari ana rage saurin gargaɗin PCS, tsarin da ke dafa birkin nan, ko a kashe shi, sai dai in an kashe shi yana dawowa duk lokacin da aka tada mota.

Dan Tawa: Jakin amalanke bai taɓa neman reglaj ba, kuma shi ma yana tsayawa in ya ga dama 😂

Ila: Ni abin da ke ci mini rai, motocin da ake kawowa daga tashar jirgin ruwa. An yi haɗari da su can, a ɗinke, a goge fitilar gargaɗi, a ce maka ba ta taɓa faɗuwa ba.

Alhaji Mamman: To wa ke da ƙarfen reglaj ɗin a Yamai? Jibi ne fa.

Sani Katako: Ba radar kaɗai ba, Ila. Har jakar iska suke cirewa su cusa tsumma, su saka ƙaramin rezistans don fitila ta mutu. Kunna makulli ka duba: in fitilar jakar iska ba ta kama na ƴan daƙiƙu ta mutu ba, akwai matsala, amma in rezistans suka saka za ta kama ta mutu kamar lafiya lau.