An ɗage wa Hajiya aikin sauya ƙugu saboda ƙiba, me ya sa?

Abban Walida:
Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu na da shekara 62, hoto ya nuna gaɓar ƙugunta ta dama ta cinye, kuma likitan ƙashi ya ce sai an sa mata ta ƙarfe. Amma ya ce ta rage nauyi tukuna. Nauyinta kilo 108, tsayinta mita 1.60, tana da ciwon suga. Wadda ko tsakar gida da ƙyar take ratsawa, ta yaya za ta rage? Kuma mene ne haɗin ƙiba da aikin ƙashi?

Likitan Ƙashi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Bari mu fara da lissafi. Ana raba nauyi da tsayi sau tsayi: 1.60 sau 1.60 ya ba da 2.56, a raba 108 da shi, BMI ɗinta, wato ma'aunin ƙiba, ya kama 42. Daga 30 ake kiran mutum mai ƙiba, kuma likitoci da yawa suna ja da baya idan ya kai 40. Idan ta sauko kilo 102 ta shiga ƙasa da 40, wato kilo shida ake magana, ba talatin ba.

Babban abin tsoro shi ne ƙwayoyin cuta su shiga aikin. Kitsen da ke ƙarƙashin fata ba shi da wadataccen jini, ga shi sai an tsaga shi da zurfi kafin a kai ga ƙashi. Yankan yana ƙara tsawo, aikin yana ƙara daɗewa, ciwon kuma yakan yi ta tsatsar ruwa maimakon ya kame. Ƙwayar cuta idan ta manne a jikin ƙarfe tana yi wa kanta rufi mai yauƙi, magani ba ya ratsa shi yadda ya kamata. In an gano da wuri, a makonnin farko, ana iya buɗewa a wanke a canza sassan da ake iya cirewa. In ta daɗe, sai an zare ƙarfen gaba ɗaya, a sa simintin ƙashi mai magani, a yi kamar mako shida ana shan magani ko allura, sannan a koma a sa sabo. Tiyata biyu ke nan a kan ta farko, kuɗi kuma ya ninka.

Na biyu, gocewa. Ƙugun da ake sakawa kofi ne da ƙwallo, kuma kofin yana son a kafa shi a karkace kamar digiri 40. Kitse yana ɓoye alamomin ƙashin da likita ke auna wannan da su. Bayan haka, cinya mai kauri idan ta dannu da ciki ko da ɗaya cinyar, tana iya banƙaro ƙwallon waje. Shi ya sa ake zaɓar ƙwallo mai girma, milimita 32 ko 36, ko kofi mai motsi biyu, wato mai wani ƙaramin kofi a ciki da shi ma yake juyawa.

Duk da haka, masu ƙiba suna samun sauƙin ciwo sosai bayan aikin. Ba hana ta aka yi ba, shiri ake nema.

Maman Ilham, ma'aikaciyar jinya:
Ni a ganina sugan ya fi kilo shidan nan muhimmanci. A yi mata gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance a wata uku da suka wuce. Yawancin likitoci suna so ya sauka ƙasa da 7.5 ko 8. A duba albumin ma, wani sinadarin gina jiki da ke cikin jini: ƙasa da 3.5 alamar ƙarancin abinci mai gina jiki ce, kuma mai teɓa ma yana iya samun hakan. Saboda haka kada a sa ta yunwa. A rage tuwo, shinkafa, burodi, lemon kwalba da shayi mai suga, a bar mata wake, ƙwai, kifi, zogale da nono marar suga. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa, cikin wata biyu zuwa uku ta kai.

Ku tambaye ta cikin hikima ko ta taɓa shan ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe. Wasunsu dexamethasone ne, yana ɗaga suga, yana raunana garkuwar jiki, yana kuma kashe kan ƙashin cinya. In tana sha, kada ta daina kwatsam, likita ne zai janye shi a hankali. Haka in an yi mata allura a cikin gaɓar, a faɗa, don ana barin wata uku kafin aiki.

Likitan Ƙashi:
Gaskiya ne, Maman Ilham. Ƙari kaɗan: in tana minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, a sanar da mai ba da maganin barci na tiyata. Maganin hana jini yin guda kuma akan ci gaba da shi har kwana 35 bayan aiki, kada a yanke shi don an dawo gida.

Mai Gashin Ƙashi:
Malam, kowane taku yana ɗora wa ƙugu kusan ninki uku na nauyin jiki, don haka kada ku tilasta mata doguwar tafiya. Ta riƙe sanda a hannun hagu, tunda dama ce ke ciwo. Tana zaune a kujera ta riƙa miƙe gwiwa ta riƙe daƙiƙa biyar, sau goma, sau uku a rana, ta kuma riƙa ɗaga jikinta da hannuwan kujera, domin hannayen ne za su ɗauke ta a kan abin dogarawa bayan aiki.

Ku gyara gida tun yanzu. Makonni shida na farko ba tsuguno, ba zaman tabarma, ba harɗe ƙafa. Masai na tsuguno a ɗora masa kujera mai rami, katifar ƙasa a mayar da ita kan gado, salla kuma a kan kujera mai tsayi wadda gwiwa ba za ta ɗara ƙugu ba.

Abban Walida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sandar ma a dama take riƙe ta. Ranar Litinin za mu je a yi gwajin sugan.