Mutanen jemage da ƙanena ya ƙirƙira: sun fi ƙarfin teburina ne?

jagoran_asabar:
Assalamu alaikum. Ni nake jagorantar wasan Dungeons & Dragons, bugu na 5 (wasan labari da ake yi a kan tebur, kowane ɗan wasa da jaruminsa), a gidanmu duk Asabar bayan la'asar, mu biyar. Ƙanena ya ƙirƙiro wa jaruminsa sabon jinsi, mutanen jemage, shafi biyu cur har da zanen kogonsu. Ya ba su tashi sama ƙafa 50 a kowane zagaye tun mataki na 1, wato farkon ƙarfin jarumi, gani a duhu ƙafa 120, dafi ba ya cin su sam, da ƙarin maki 2 a zafin nama, 1 a hikima.

Muka gwada. Kyarkeci huɗu suka tare jarumanmu a daji, nasa ya haye sama da bakansa yana ta sakin kibiya, ko ƙwarzane bai samu ba, mai takobinmu kuwa sau biyu yana kai wa ƙasa. Kwazazzabon da na kwana ina tsarawa, igiya kawai ya ɗauka ya tsallaka. Da na ga 'yar'uwarmu ta ajiye dayis, ƙwayoyin da ake jefawa a wasan, ta ɗauki waya, raina ya sosu. Ba na son kashe wa yaron gwiwa. Yaya ake auna irin wannan?

tsohon_matsafi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka jera shi da jinsin da ke cikin littattafan wasan da ya fi kama da shi. Aarakocra, jinsin mutanen tsuntsu, na 2015 ma ƙafa 50 yake tashi, amma tafiyarsa a ƙasa 25 ce, ba ya tashi da matsakaicin sulke ko mai nauyi, ba ya gani a duhu. Duk da haka a 2022 an rage tashinsa zuwa ƙafa 30. Sihirin tashi kuma sai a mataki na 5 matsafi ke samu, minti 10 yake yi, in hankalinsa ya rabu ya faɗo. Naku ya samu kyauta, dare da rana.

Batun dafi kuwa, Dwarf, jinsin gajerun mutane, rabin illa kawai yake sha. Yuan-ti, jinsin mutanen maciji, shi ne dafi ba ya ci, shi ma an sassauta shi a 2022. Ƙanenka ya kwaso na kowa mafi kyau, bai biya komai ba.

mai_garkuwa:
Ni ban yarda laifin fiffike ba ne duka. Kyarkeci ba ya harbi, to me kake jira? Sa 'yan fashi masu baka, ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai rufi ƙafa 10. Kuma a ƙa'ida mai tashi in an kayar da shi faɗowa yake, kowace ƙafa 10 illar dayis ɗaya mai fuska shida. A mataki na 1 wannan na iya kai shi lahira.

tsohon_matsafi:
Gaskiya ne ɗan'uwa, amma in sai jagora ya sake fasalin kowane faɗa saboda mutum ɗaya, ai awon ya riga ya nuna. Kuma duk harin da ba a kai wa na sama ba, na ƙasa ne ke shan sa.

uwar_dayis:
Yayana, ka zaunar da shi ka tambaye shi abu ɗaya: cikin duk waɗannan, wanne ne jemagen? Na tabbata ba dafi zai ce ba. Cire shi. Fiffiken ya zama na sulalowa daga tudu har mataki na 5, ko ya tashi minti ɗaya sau ɗaya kafin dogon hutu, wato barcin dare na jarumi, kamar yadda jinsin Half-Orc na littafin 2014 ke ƙin faɗuwa sau ɗaya tak. In yana son ƙafa 120 a duhu, ya ɗauki raunin Drow na littafin 2014, jinsin da ke zama a ƙarƙashin ƙasa: hasken rana na ɓata masa saiti. Ku yi zama uku, kana lura da wa ke magana, wa ya yi shiru.

jagoran_asabar:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Mun zauna da shi jiya da daddare. Dafin bai ko yi gardama ba, raunin rana ma murna ya yi, ya ce zai sa jarumin nasa ya riƙa rufe ido da ƙyalle. Fiffiken ne muka ja, har muka tsaya a kan sulalowa zuwa mataki na 5. Asabar mai zuwa akwai gada a karye, kuma mai takobi ne zai riƙe igiyar.